KIM-1: Kwamfutar da Mutum Ɗaya Zai Iya Sani Ciki da Bai

A shekarar 1976 wani kamfani mai suna MOS Technology, da ke jihar Pennsylvania a Amurka, ya fara sayar da wata kwamfuta a kan dala 245. Wanda ya aika kuɗinsa, abin da zai iso masa a kwali shi ne allo guda na lantarki, faɗinsa kamar na takardar rubutu, ba murfi, ba akwati, ba ma na'urar ba shi wuta. A kusurwar dama ta ƙasa akwai maɓallai 23 irin na kalkuleta da wani ɗan makunni da ake turawa gefe. A samansu fitilu jajaye ne masu nuna lamba shida. Sauran filin kuwa ƙwayoyin lantarki ne a jere, irin waɗanda masu gyaran rediyo ke kira aisi, kowace a fili ana ganin ƙafafunta. Tare da allon akwai littattafai uku da babbar taswirar wayoyinsa. Sunansa KIM-1, taƙaicen Keyboard Input Monitor. Masu rubuta tarihin kwamfuta sukan ambace shi a layi ɗaya su zarce zuwa Apple da Commodore, kamar zangon da ayari ya kwana ya tashi da asuba. A ganina ya cancanci a tsaya masa fiye da haka, kuma dalilin yana cikin yadda aka ƙera shi da yadda ake saita shi. Masu zana shi sun cire duk wani ƙarfe da za a iya cirewa, suka ɗora aikinsa a kan manhaja, sannan suka buga manhajar kakaf suka miƙa wa mai saye. Abin da ya fito shi ne kwamfuta cikakkiya wadda mutum ɗaya, da littafi da haƙuri, zai iya saninta tun daga ƙafar ƙwaya ta farko har bayit na ƙarshe, kuma waɗanda suka san ta haka sun fitar da abubuwa daga cikinta waɗanda kamfanin bai tanada ba.

Asalin labarin na ƙwaya guda ne. A 1974 wasu injiniyoyi suka bar kamfanin Motorola, inda suka yi aikin furosesa mai lamba 6800, suka koma MOS Technology. Fitattu a cikinsu su ne Chuck Peddle da Bill Mensch. Furosesa ita ce ƙwayar da ke karanta umarni tana aiwatarwa, kuma a lokacin guda ɗaya daga Intel ko Motorola takan haura dala 150. Peddle ya haƙiƙance cewa babbar kasuwa tana wurin masu ƙera injinan masana'antu da kayan awo, waɗanda ba za su taɓa sa ƙwayar da ta fi sauran kayansu tsada ba. A watan Satumba na 1975, lokacin baje kolin WESCON a San Francisco, suka fito da 6502 a kan dala 25. Da yake ba a yarda da ciniki a filin baje kolin ba, sai suka kama ɗaki a otal, suka zuba ƙwayoyin a tulun gilashi suna sayarwa. Akwai 'yar'uwarta 6501, wadda ake iya cusawa a gurbin 6800 kai tsaye. Motorola ya maka su a kotu, kuma janye ta yana cikin sharuɗɗan sulhun da aka yi. Sai dai arha kaɗai ba ta sayar da furosesa. Injiniyan da ya sayi ƙwaya mai ƙafa 40 ba abin da zai yi da ita sai ya haɗa mata ma'ajiya da agogo da hanyar shigar da umarni da ta ganin amsa, aikin makonni kafin ma ya san ko ta dace da buƙatarsa. KIM-1 an yi shi ne don ya kawar da wannan wahala: a ba injiniya ɗanɗano, in ya ji daɗi kamfaninsa ya yi odar ƙwayoyi dubbai. Kayan talla ne, kuma kusan kowane zaɓi da aka yi a jikinsa daga nan ya samo tushe.

A fara da ma'ajiya, domin ita ce ta fi ba mutumin yau mamaki. Ma'ajiyar wucin gadi, wadda ake kira RAM, ƙwayoyi takwas ce, kowace tana riƙe da bit 1,024; in aka jera su kafaɗa da kafaɗa sai su ba da bayit 1,024, wato kilobayit ɗaya. Bayit ɗaya kuwa wurin harafi ɗaya ne. Ban da su akwai manyan ƙwayoyi biyu masu lamba 6530, kuma a nan ne dabarar kamfanin ta fito. Kowace 6530 ta haɗa abubuwa huɗu da a da sai an sayo su daban-daban: kilobayit ɗaya na ma'ajiyar dindindin, wato ROM, da bayit 64 na RAM, da ƙofofin shiga da fita, da mai ƙidayar lokaci. In aka tara, allon yana da bayit 1,152 na RAM da kilobayit biyu na ROM, furosesar kuma tana bugun agogo sau miliyan ɗaya a daƙiƙa. Ko wannan kilobayit ɗin ma ba duka ne na mai allo ba. Ana rubuta adireshin ma'ajiya da lissafin tushe 16, inda bayan 9 ake ci gaba da A, B, C, D, E, F. Daga 0000 zuwa 00FF shi ne shafi na farko, wanda 6502 ke isa gare shi da sauri fiye da sauran, kuma manhajar allon ta kame ƙarshensa, daga 00EF zuwa sama. Daga 0100 zuwa 01FF furosesar ce ke tara bayanan da za ta komo kansu. Filin da ya rage wanda ba mai taɓa shi, daga 0200 zuwa 03FF, bayit 512 ne cif. Wannan sakin layi da mai karatu ke kai ya ninka haka.

Fitilun nan shida suna nuna yadda masu zanen ke tunani. Huɗu na hagu adireshi suke nunawa, biyu na dama abin da ke cikin adireshin. Hanyar da aka saba ita ce a ba kowace fitila ƙwayar da za ta riƙe mata lambarta. A KIM-1 ba a yi haka ba. Furosesar da kanta ce ke kunna fitila ta farko, ta kashe, ta kunna ta biyu, ta kashe, har ta shida, ta sake komawa farko, da saurin da ido ba ya kamawa, sai mutum ya ga kamar duk a kunne suke. Ƙaramar ƙwaya mai lamba 74145 da ke zaɓen fitilar da za a kunna, ita ce dai ke zaɓen layin maɓallan da za a duba, kuma wayoyin da ke haska sassan lamba su ne ake juyawa a saurari ko an danna maɓalli. Waya ɗaya, aiki biyu. Wannan yana da sakamakon da duk mai KIM-1 ya sani tun ranar farko: da zarar ya danna GO manhajarsa ta fara gudana, fitilun sai su mutu, domin wadda ke kunna su ta tafi wani aikin. In yana son su haska, dole manhajarsa ta riƙa leƙa wani ƙaramin shiri da ke ROM a adireshi 1F1F a kai a kai, bayan ya ajiye lambobin da yake son gani a 00F9 da 00FA da 00FB. Mutum bai gama mako guda da allon ba sai ya gane da idonsa cewa furosesa abu ɗaya take yi a lokaci ɗaya, kuma duk abin da ya yi kama da ayyuka da yawa a tare rabon lokaci ne.

Haka aka yi da teletaif, na'urar nan mai kama da tafireta da ake aika saƙo da ita, wadda a wancan zamani ita ce hanyar magana da manyan kwamfutoci. Akwai ƙwaya ta musamman da aka saba sawa don wannan aiki, amma ba ta a jikin KIM-1. Manhaja ce ke ɗaga waya ta sauke, bit bayan bit, tana ƙirga lokaci. To na'urori sun bambanta wajen saurin aikawa, ta yaya allon zai san saurin wadda aka jona masa? Mai allo ya danna RS ya tayar da shi, sannan ya buga maɓallin RUBOUT a teletaif. An zaɓi wannan harafi ne saboda siffarsa: bayan bit ɗin buɗewa, abin da ke biyo baya ɗaya-ɗaya ne a jere, don haka faɗin bit na farko ya fito sarai. Allon ya auna shi, ya ajiye, ya ci gaba da magana da wannan saurin. Zaɓi tsakanin maɓallan allo da teletaif kuwa 'yar waya ce da ake haɗa ƙafa ta 21 da ƙafar V a bakin allon.

Kaset ya fi duka ban sha'awa. RAM tana mantuwa da zarar an ɗauke wuta, kuma na'urar faifan ajiya a 1976 ta fi allon kansa tsada nesa ba kusa ba. Rikodar kaset kuwa tana kusan kowane gida. KIM-1 yana mayar da bayanai sauti biyu, mai kaifi na kimanin zagaye 3,700 a daƙiƙa da mai kauri na 2,400. An raba kowane bit kashi uku. Kullum da mai kaifi yake farawa, da mai kauri yake ƙarewa. Kashin tsakiya ne ke rarrabewa, in ya zama mai kaifi sifili ne, in mai kauri ɗaya ne. Hikimar ita ce lokacin karantawa allon ba ya tambayar tsawon sautin a agogo, yana gwada tsawon wannan da na wancan ne kawai. Saboda haka ko batirin rikoda ya yi sanyi tana jan kaset a hankali, ko an ɗauka a wata an kunna a wata, gwajin yana nan daidai. Kuɗin da aka biya don wannan aminci shi ne lokaci. Bit 134 ne kacal a daƙiƙa, kuma kowane bayit haruffa biyu ake rubuta shi, don haka kilobayit ɗaya yana cin kusan minti biyu. Kafin ɗauka, mai allo zai rubuta adireshin farko a 17F5 da 17F6, na ƙarshe da ƙarin ɗaya a 17F7 da 17F8, lambar shaidar fayil a 17F9, ya danna rikoda, ya tafi 1800 ya danna GO. In zai dawo da abin da ya ajiye, 1873 zai tafi.

Saitin farko ma darasi ne, ko da yake mai zumuɗi ba zai so shi ba. A gefen hagu na allon akwai baki biyu, kowane mai haƙora 44, ɗaya na jona kayan aiki ɗaya na faɗaɗawa. Mai saye ne zai nemo na'urar wuta mai ba da bolt 5, da bolt 12 in yana son karanta kaset, ya narka dalma ya liƙa wayoyin da hannunsa. Cikin wayoyin akwai wadda in aka manta da ita allon ba zai ko motsa ba: wadda ke haɗa ƙafar K da ƙasa. Bayaninta yana buɗe sirrin allon gaba ɗaya. Furosesa 6502 tana da wayoyin adireshi 16, tana iya kiran gurbi 65,536. KIM-1 guda 13 kawai yake saurara, ya yi watsi da uku na sama, don haka duniyarsa kilobayit takwas ce da ke maimaita kanta har sau takwas. Amfanin wannan yana bayyana lokacin tashi. An ƙera 6502 ta yadda in aka tayar da ita, can ƙarshen ma'ajiya take zuwa, FFFC, ta nemi inda za ta fara. KIM-1 ba shi da komai a can. Amma da yake kunnensa ba ya jin wayoyi ukun sama, sai kiran FFFC ya faɗo a 1FFC, wanda ke cikin ROM, a nan ta tarar da amsa. An sami abin da ake so ba tare da an ƙara ƙwaya ko ɗaya ba, kuma an bar wayar K a waje domin ranar da mai allo zai ƙara ma'ajiya ya cire ta ya sa nasa tsarin. Bayan an kunna wuta akwai sauran aiki ɗaya: a rubuta 00 a 17FA da 1C a 17FB, in ba haka ba maɓallin tsayarwa, ST, ba zai san inda zai mayar da furosesa ba. Duk lokacin da aka ɗauke wuta sai an sake.

Ga yadda aiki yake a hannu. A ce ana son a tara 5 da 3. Mutum zai danna maɓallin adireshi, AD, ya buga 0200, ya danna na bayanai, DA, sannan ya shigar da bayit goma sha ɗaya, yana danna + tsakanin kowane biyu: D8, 18, A9, 05, 69, 03, 85, 10, 4C, 4F, 1C. Biyun farko share fage ne. A9 05 na nufin ɗauko biyar, 69 03 ƙara uku, 85 10 ajiye a gurbi na 0010, ukun ƙarshe kuma koma wurin manhajar allo a 1C4F, an rubuta rabin adireshin na ƙasa kafin na sama kamar yadda 6502 ke so. Ya koma 0200 ya danna GO, ya duba 0010. In kuwa ya tura ɗan makunnin nan na SST, to kowane danna GO umarni ɗaya tak zai gudana, allon ya tsaya, ya kwashe abin da ke cikin furosesa ya zuba a shafin farko. Mutum ya leƙa 00F3 ya ga 05, ya sake danna GO, ya leƙa ya ga ta koma 08. Gani ya kori ji. Abin da malami zai kwashe awa yana zanawa a allon aji, ga shi yana faruwa ƙarƙashin yatsa.

Mai suka zai ce duk wannan tsumulmula ce aka yi mata kwalliya: kamfani ya ƙi kashe kuɗi, ya ɗora wa mai saye wahala, shekaru sun wuce ana kiran abin hikima. Rabin maganar gaskiya ne. Ba wanda ya zauna a Pennsylvania yana tunanin yadda zai ilimantar da jama'a. Farashi ake son saukewa. Amma rage kaya iri biyu ne. Akwai mai ragewa ya rufe, ya bar ka da abin da ba ya aiki sosai kuma ba ka san dalili ba. MOS Technology ya rage ne ya buɗe, domin abokin cinikin da yake nema injiniya ne da zai kwafi dabarun ya sa a nasa kayan. Shi ya sa littafin mai amfani ya ƙunshi manhajar ROM ɗin duka, layi bayan layi da bayanin kowane, ga taswirar wayoyi, ga littafi guda kan ƙwayoyin, ga wani kan rubuta umarni. Hujjar cewa wannan buɗewa ta yi aiki tana cikin kaset ɗin nan mai jan ƙafa. Jim Butterfield, wani mai sha'awar allon a Toronto, ya karanta shirin da ke karanta kaset, ya lura cewa tunda gwada tsawo kawai yake yi, ba dole ne sautukan su kai tsawon da kamfani ya sa ba. Ya rubuta Hypertape, wadda ke ɗauka da sauri ninki shida, kuma shirin ROM na asali yana karanta ta ba tare da an canza ko waya ɗaya ba. Da ƙwaya ce rufaffiya ke yin aikin, da minti biyun nan sun zauna har abada.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. A ƙarshen 1976 Peter Jennings, shi ma a Toronto, ya fitar da Microchess, manhajar da ke buga wasan ces da mutum, umarninta bayit 924, ta lashe kusan duk wani gurbi da allon ke da shi har da 'yan bayit ɗin da ke cikin 6530. Ba hoto, mutum yana ajiye allon wasa na katako a gefe, ya buga motsinsa da maɓallai, ya karanta amsar kwamfuta a fitilu shida. Dala 10 ake sayar da ita, kuma ana lissafa ta cikin manhajojin wasa na farko da aka yi kasuwancinsu don ƙananan kwamfutoci. Daga baya Jennings ya shiga kamfanin Personal Software, kuma kuɗin Microchess sun taimaka wa kamfanin wajen fitar da VisiCalc a 1979, manhajar lissafin da ta shigar da Apple II ofisoshi. Eric Rehnke ya kafa mujallar masu allon, KIM-1 User Notes, inda mutane ke aiko da dabarunsu ta gidan waya, kuma a 1977 shi da Butterfield da Stan Ockers suka tattara The First Book of KIM. A shekarar dai Don Lancaster ya nuna a mujallar Popular Electronics yadda za a sa allon ya yi rubutu a fuskar talabijin da wani ɗan ƙari mai suna TVT-6, inda ya sa furosesar kanta ta riƙa zagaya ma'ajiya tana fitar da hoton. Dabarar da kamfani ya yi da fitilu shida ce ya ɗauka ya kai ta talabijin. Mutanen nan sun koyi salon tunanin allon, suka ci gaba da shi daga inda masu shi suka tsaya.

Suka ta biyu ta fi nauyi: abin da sai da lissafin tushe 16 ake magana da shi ya kori mutane fiye da waɗanda ya jawo. Wannan haka yake, kuma bai kamata a rufe shi ba. Wanda ba shi da haƙurin fassara umarni zuwa lambobi da fensir, ya ƙirga da hannu bayit nawa zai tsallake in zai koma baya, ya sake bugawa duka saboda kuskuren lamba ɗaya, KIM-1 ba nasa ba ne. Yaren BASIC ma, wanda ya fi kusa da maganar mutane, sai an sayi ƙarin ma'ajiya da teletaif ko makamancinta kafin a same shi, kuma kuɗin ya tashi ke nan. Sai dai a auna shi da abin da ke kasuwa a ranarsa. Altair 8800, wadda ta fito a farkon 1975, kusan dala 400 ce a warwatse, mai saye ne zai harhaɗa, da bayit 256, kuma bit-bit ake shigar mata da umarni ta hanyar ɗaga makunnai takwas a sauke. Wanda ya tashi daga wannan ya zo ga allon da aka riga aka haɗa aka gwada, mai maɓallai, mai karanta kaset, mai manhajar da ke farkawa da kanta, a kan dala 245, sauƙi ya gani. Ga ɗalibi ko ma'aikacin lantarki mai matsakaicin albashi, zaɓin ranar shi ne wannan ko babu.

Sai masu cewa hanya ce da ta mutu, tunda a 1977 Apple II da Commodore PET da TRS-80 suka fito da akwati da cikakkun maɓallan rubutu da BASIC a ciki, kasuwa kuma ta bi su. Ta fuskar ciniki ba gardama. Amma a duba daga ina biyu cikin ukun suka fito. Commodore, ƙarƙashin Jack Tramiel, ya sayi MOS Technology a 1976, shi ya sa allunan KIM-1 na baya suke ɗauke da tambarinsa, kuma Chuck Peddle ɗin nan ne ya jagoranci ƙera PET a kan 6502. Steve Wozniak ma ita ya zaɓa wa Apple saboda arharta. Daga nan ƙwayar da danginta suka shiga Atari 2600 da BBC Micro da Commodore 64 da na'urar wasan NES ta Nintendo. Waɗannan injuna duk suna buƙatar mutanen da suka san 6502 a matakin bayit, masu iya matse aiki a wuri kaɗan, kuma a 1976 KIM-1 na cikin wurare mafi arha da za a koyi hakan. Butterfield kansa ya zama ɗaya daga cikin marubutan da masu Commodore suka fi dogara da su shekaru da dama. Siffar allon ma ba ta mutu nan take ba: a 1978 Synertek ya fitar da SYM-1, Rockwell ya fitar da AIM-65 mai ɗan firinta, dukansu sun riƙe tsarin baki biyu na KIM-1 domin kayan da aka yi masa su shiga.

Allon yana da aibobin da ba dabarar da ta rufe su. Maɓallansa na arha ne, sukan gaji. Furosesar da ke kan allunan farko ba ta da umarnin ROR mai aiki, sai daga baya cikin 1976 aka gyara. Mafi muni, manhajar da ke cikin 6530 tun a masana'anta ake dasa ta, ba a gogewa ba a sake rubutawa, don haka in ɗaya ta ƙone yau, sai dai a ciro daga wani allon ko a yi mata madadi da wasu ƙwayoyi. Haɗa abubuwa huɗu a ƙwaya ɗaya da ya sauke farashi a 1976 shi ne ya zama ciwon kan masu gyara bayan shekaru. Duk da haka hukuncina bai canza ba. Kilobayit biyu na manhaja abu ne da mutum zai karanta ya gama cikin 'yan kwanaki, taswirar wayoyin kuma takarda ɗaya ce. Raspberry Pi, wadda ta fito a 2012 a kan dala 35 da niyyar koyarwa, ta fi KIM-1 ƙarfi ninkin da ba a kwatantawa, amma ba mai iya cewa ya san duk abin da ke gudana a cikinta. Mai KIM-1 yana iya faɗin haka kuma ya yi gaskiya.

Har yau kamfanin Western Design Center, wanda Bill Mensch ya kafa a 1978, yana sayar da jikanyar 6502, littattafan nan uku suna nan a intanet, kuma akwai manhajojin da ke kwaikwayon allon a kwamfutar zamani. Malamin da ke koyar da lantarki ko kwamfuta, da ɗalibin da ya gaji da haddace abin da bai taɓa gani ba, su nemi ɗaya daga ciki, su je 0200, su shigar da bayit goma sha ɗayan nan da hannunsu, su tura SST, su bi su ɗaya bayan ɗaya har gurbin 0010 ya nuna 08.